Kalma ɗaya, kaya iri-iri: yadda "charge" ke sauya ma'ana daga rumfar caji zuwa zauren kotu

Mazaunin Jalingo, babban birnin Jihar Taraba, yana iya cin karo da kalmar Turanci ta "charge" sau huɗu ko biyar kafin la'asar ta yi, kuma kowane karo da ma'anar da ta sha bamban da ta baya. Da safe ya miƙa wayarsa a rumfar masu janareta da ke gefen titin Hammaruwa, a sa masa caji. Ya tsaya wurin mai POS ya ciri kuɗi, a gaya masa cajinsa naira kaza ne. Ya leƙa asibiti dubiya, a ce sai ya nemi izinin "in charge" ɗin ɗakin. Idan kuma tsautsayi ya ratsa aka kama ɗansa ko ƙanensa, sai ya ji ɗan sanda yana cewa gobe za a yi "charging" ɗin yaron zuwa kotu.

A gari irin Jalingo wannan ba ƙaramin al'amari ba ne. Taraba, wadda aka cire daga tsohuwar Jihar Gongola ranar 27 ga Agusta, 1991, tana cikin jihohin da suka fi yawan harsuna a Najeriya. Mumuye da Jukun da Fulani da Tibi da Kuteb da Chamba da sauransu suna haɗuwa ne a kasuwa da tasha cikin harshen Hausa, amma takardar kotu da sanarwar banki da takardar kuɗin wuta duk da Turanci ake rubuta su. Saƙo yakan tashi daga Turanci ya bi ta Hausa kafin ya isa harshen gida, kuma a kowace matsaya yana iya zubar da wani abu daga cikin ma'anarsa.

Asalin kalmar shi ne mabuɗin gane ta. Tana komawa ne ga kalmar Latin ta "carrus", wato keken ɗaukar kaya irin wanda dabbobi ke ja, kalmar da su ma Rumawa suka aro daga mutanen Gol, mazauna ƙasar da a yau ake kira Faransa. Daga nan aka samu aikatau "carricare", ma'ana loda kaya a keke. Tsohon Faransanci ya mai da shi "chargier", kuma bayan Normandawa sun ci Ingila da yaƙi a 1066, suka mai da Faransanci harshen fada da na shari'a, kalmar ta shiga Turanci a wajajen ƙarni na 13. Kalmomin "car" da "cargo" da "carry" duk 'yan ɗaki ɗaya ne da ita.

Saboda haka ma'anarta ta fari ita ce ɗora kaya. Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani a nan, domin harshensa ya bi wannan hanya tun da daɗewa. Ana ɗora wa jaki kaya, ana ɗora wa mutum nauyi, ana ɗora masa laifi, ana ɗora wa talakawa haraji. Aikatau ɗaya ne, kayan ne kawai ke sauyawa. Wanda ya riƙe wannan hoto na kaya a bisa ka zai ga cewa kusan duk ma'anonin "charge" a kansa suka rataya: kuɗin da aka ɗora wa mai saye, wutar da aka ɗura wa batir, laifin da aka ɗora wa wanda ake tuhuma, da amanar da aka ɗora wa shugaba. Turanci ma bai fi Hausa wannan hali ba. Baƙon da ke koyon Hausa yakan sha wahala kafin ya gane yadda ake cin tuwo, a ci jarrabawa, a ci bashi, a ci amana, a ci tara, a kuma ci kasuwa.

Ma'anar da ta fi taɓa aljihu ita ce ta kuɗi. A nan kalmar tana nufin abin da aka nemi mutum ya biya saboda wani aiki da aka yi masa. Tana da 'yan uwa da yawa waɗanda ƙamus kan jera a matsayin masu ma'ana ɗaya da ita, alhali kowacce da muhallinta. "Fee" kuɗin makaranta ne ko ladan lauya da likita. "Fare" kuɗin mota ne. "Toll" shi ne abin da ake biya don bin hanya ko gada. "Fine" tara ce, wato kuɗin horo. "Commission" la'ada ce, wadda 'yan tasha suka mai da kamasho. "Tax" da "levy" kuwa na hukuma ne. Hausa ma ta rarrabe waɗannan tun kafin zuwan Turawa: jangali na shanu ne, la'ada ta dillali ce, kuɗin fito na mai jirgin ruwa ne kamar yadda ake biya a mashigar Ibi a kan kogin Binuwai, kuma babu wanda zai kira tara da sunan tukuici. Sai dai a bakin jama'a na yau kalmar caji ta haɗiye su kusan duka.

Illar hakan tana bayyana a harkar banki. Jadawalin kuɗaɗen da Babban Bankin Najeriya ya amince bankuna su karɓa, wanda ya fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2020, ya ƙayyade naira 10 a kan tura kuɗin da bai wuce naira 5,000 ba, naira 25 daga nan zuwa naira 50,000, sai naira 50 a kan abin da ya haura haka. Wannan shi ne cajin banki na ainihi, kuma a kansa ana ƙara harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari. Amma naira 50 ɗin nan da Dokar Kuɗi ta 2020 ta ɗora a kan kuɗin da ya kai naira 10,000 zuwa sama sunan "levy" dokar ta ba ta a lokacin, kuma asusun gwamnati take tafiya, banki karɓa kawai yake yi a madadinta. Mai asusun da ya kira su duka caji zai kai kukansa ga ma'aikacin banki a kan abin da Majalisar Dokoki ta Ƙasa ce ta zartar da shi.

Akwai kuma "surcharge", wato ƙari a kan caji. Tun ranar 1 ga Maris, 2025, wanda ya ciri kuɗi a na'urar ATM ta wani banki da ba nasa ba yana biyan naira 100 a kan kowace naira 20,000. Idan na'urar ba a harabar banki take ba, ana iya ƙara masa har naira 500 a kai. A harkar wutar lantarki, wadda kamfanin rarraba wuta na Yola ke kawo wa Taraba tare da Adamawa da Borno da Yobe, an daɗe ana rigima a kan "fixed charge", kuɗin da ake biya duk wata ko an sha wuta ko ba a sha ba. Hukumar NERC ta soke shi daga watan Fabrairun 2016.

Ma'anar wutar batir ta zo ne daga baya. A shekarun 1745 zuwa 1746 masana a Turai suka gano yadda za a tara ƙarfin lantarki a cikin wata kwalba da aka sa wa sunan birnin Leiden na ƙasar Holan. Masu bincike na lokacin, cikinsu har da Benjamin Franklin na Amurka, sun ɗauki lantarki a matsayin wani abu mai gudana da ake ɗurawa, sai suka aro kalmar da ake amfani da ita wajen ɗura wa bindiga albarushi. Batirin wayar yau ba kwalba ba ne, sinadaran da ke cikinsa ne ke sauya hali idan an haɗa shi da wuta, amma hoton ɗura da cika ya zauna daram, har Bahaushe ma cewa yake batir ya cika.

A nan Hausa ta yi wani abin sha'awa. Da ta karɓi caji, sai ta bi da shi ta ƙa'idarta ta gida, inda harafin z kan koma j idan wasalin i ko e ya biyo baya, kamar kaza da kaji. Mai magana ya ji caji, ya ɗauka tushensa z ne, sai ya ƙirƙiro caza. Haka aka yi da canji aka samu canza. Yau ana caza waya, ana caza ƙwaƙwalwa, na'urar kuma sunanta caja. Matasa suna da wata ma'ana da suke ba ta, inda sukan ce wane ya yi caji idan ƙwaya ta bugar da shi. Akwai kuma tarko ɗaya: kalmar "search", wato bincike, ita ma a bakin Bahaushe caje ta koma. Idan aka ce 'yan sanda sun caje wane, mai sauraro zai iya fahimtar an lalube aljihunsa ne, ko an shigar da tuhuma a kansa, kuma tsakanin biyun akwai tafiya mai nisa.

Ma'anar kai farmaki, irin yadda mahaya ke sakin linzami su afka wa abokan gaba, ita ma daga fagen fama ta fito. Jaridun Turanci kan yi amfani da ita wajen bayyana sukuwar da mahaya ke yi zuwa gaban sarki a hawan salla. Mai fassarar da ya mai da ita farmaki ya yi kuskure babba, domin wannan jafi ne, gaisuwar ban girma da mubaya'a.

Inda kalmar ta fi nauyi shi ne kotu, domin a can 'yancin mutum da mutuncinsa ne ke kan sikeli. A harshen shari'a "charge" ita ce tuhuma: rubutaccen bayanin laifin da ake cewa mutum ya aikata, da lokaci da wuri da sashen dokar da ake cewa ya karya. Kowane laifi guda a cikin takardar shi ake kira "count". Kalmomin da ke kewaye da ita matakai ne na tafiya ɗaya, kuma bai halatta a musanya su ba. "Allege" da "accuse" zargi ne, wanda kowa ma zai iya yi. "Charge" tuhuma ce a hukumance. "Arraign" gurfanarwa ce, ranar da za a karanta wa mutum tuhumar a tambaye shi ko ya amsa. "Convict" shi ne kotu ta same shi da laifi, "sentence" kuma hukuncin da aka yanke masa.

Sashe na 36, ƙaramin sashe na 5, na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce duk wanda ake tuhuma da laifi ana ɗaukarsa marar laifi har sai an tabbatar da laifin nasa. Ƙaramin sashe na 6 ya ƙara da cewa dole ne a sanar da shi abin da ake tuhumarsa da shi dalla-dalla cikin harshen da yake ji, kuma a ba shi tafinta kyauta idan ba ya jin harshen da ake shari'ar da shi. Ga manomin da aka kawo daga Zing ko Karim Lamiɗo zuwa kotu a Jalingo, wannan tanadi shi ne garkuwarsa ta farko. Idan tafinta ya ce masa "an kama ka da laifin kaza" a inda takarda ta ce ana tuhumarsa, yana iya ɗauka an riga an gama magana, ya gyaɗa kai, a rubuta cewa ya amsa laifi.

Tarihin Taraba kansa ya nuna tsawon tazarar da ke tsakanin tuhuma da hukunci. A 2007 Hukumar EFCC ta gurfanar da tsohon gwamnan jihar, Jolly Nyame, bisa tuhume-tuhume 41 da suka shafi naira biliyan 1.64. Sai a ranar 30 ga Mayu, 2018 Mai shari'a Adebukola Banjoko ta Babbar Kotun Birnin Tarayya ta same shi da laifi a 27 daga ciki, ta yanke masa ɗaurin shekara 14. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rage zuwa shekara 12 a ƙarshen wannan shekarar, Kotun Ƙoli ta tabbatar da hakan a Fabrairun 2020, sannan aka yi masa afuwa a 2022. Tsawon kusan shekara goma sha ɗaya na farko, a idon doka, sunansa wanda ake tuhuma. Duk kafar labaran da ta kira shi mai laifi a 2010 ta riga kotu, ko da yake daga baya kotun ta same shi da laifin.

Kalmar "indict" ta fi rikitarwa. A Amurka tana nufin tuhumar da wani ayarin masu taimaka wa shari'a ya amince a shigar. A Najeriya an fi jin ta ne idan kwamitin bincike ya ɗora wa wani alhaki a rahotonsa. Kafin zaɓen 2007 hukumar zaɓe ta cire sunan Atiku Abubakar daga jerin 'yan takarar shugaban ƙasa bisa irin wannan rahoto, sai Kotun Ƙoli ta yanke a ranar 16 ga Afrilu, kwana biyar kafin zaɓen, cewa hukumar ba ta da hurumin hana shi takara. A gyaran kundin tsarin mulki na 2010 aka cire tanadin da ke hana takara saboda rahoton kwamiti. Fassarar da ta fi dacewa da wannan kalma a Najeriya ita ce kwamiti ya ɗora masa alhaki, domin samun mutum da laifi aikin kotu ne.

A Arewa akwai wani abin lura kuma. Ƙarƙashin tsohon tsarin shari'ar manyan laifuka da yankin ya yi amfani da shi tun 1960, 'yan sanda kan kai mutum gaban majistare ne da rahoton farko, wanda aka fi sani da FIR, kuma majistare ne ke tsara tuhumar da kansa bayan ya saurari shaidun masu ƙara ya ga akwai abin amsawa. Ke nan kai mutum kotu ba lallai ya zama an riga an tuhume shi ba. Tsofaffi har yau suna kiran ofishin 'yan sanda caji ofis, sunan da ya samo asali daga ɗakin da ake rubuta ƙorafi da sunan wanda aka kama.

Mafi ɗaci a cikin iyalan wannan kalma ita ce "holding charge". Sashe na 35 na kundin tsarin mulki ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotun da ke da hurumi a tazarar kilomita 40, ko kwana biyu idan babu, ban da laifukan da hukuncinsu kisa ne. Abin da aka saba gani shi ne a kai wanda ake zargi da fashi ko kisan kai gaban majistaren da ba shi da hurumin sauraron shari'ar, don kawai a samu umarnin tsare shi kafin ma'aikatar shari'a ta ba da shawara. Wasu sun shafe shekaru a haka. Dokar gudanar da shari'ar manyan laifuka ta tarayya ta 2015 ta iyakance umarnin tsarewa na farko ga kwana 14, tare da sharuɗɗan sabuntawa. Duk da haka alƙaluman hukumar gidajen gyaran hali sun daɗe suna nuna cewa kimanin biyu cikin uku na mutanen da ke tsare jiran shari'a suke yi. A unguwa kuwa, da zarar an ce an kai wane gidan yari, magana ta ƙare, an yi masa tambarin ɗan fursuna.

Kishiyar kalmar, wato "discharge", sauke kaya ke nan, kuma Hausa ta fi fassara ta da sallama. An sallami majinyaci daga asibiti, an sallami soja daga aiki, kotu ta sallami wanda ake tuhuma. A ta ukun ne ake yawan tuntuɓe. Kotu tana iya sallamar mutum saboda masu ƙara sun gaza kawo shaidu ko saboda kuskure a takarda, ba tare da ta shiga cikin gundarin maganar ba, kuma irin wannan mutum ana iya sake kama shi a kan zancen. "Acquit" kuwa wankewa ce, kuma ƙaramin sashe na 9 na sashe na 36 ya hana a sake yi wa wanda kotu ta wanke shari'a a kan laifin, sai da umarnin kotun da ke sama. Shi ya sa lauyoyi ke kasa kunne su ji ko alƙali ya haɗa kalmomin biyu. Iyalin da suka ji an sallami ɗansu suka yi walima suna iya wayar gari da 'yan sanda a ƙofar gida.

Saura ma'anar amana da jagoranci. Wanda yake "in charge" shi ne wanda aka ɗora wa nauyin wuri, ko da ba shi ne mai muƙamin na dindindin ba. A harkar jakadanci an bar kalmar da Faransancinta, "chargé d'affaires", wato jami'in da ke riƙe da ofishin jakadanci, kuma yarjejeniyar Biyena ta 1961 ta sa shi a mataki na uku cikin shugabannin ofisoshin jakadanci. Kiran sa jakada kai tsaye yana ɓoye wani labari, domin wani lokaci ƙasa kan bar ofishinta a hannun mai riƙo ne da gangan don nuna ɓacin rai.

Mutanen Jalingo sun ga yadda wannan ma'ana ta zama rikicin mulki. Ranar 25 ga Oktoba, 2012, ƙaramin jirgin saman da Gwamna Danbaba Suntai ke tuƙawa ya faɗi kusa da Yola, aka fita da shi jinya zuwa Jamus, daga baya Amurka. Mataimakinsa, Garba Umar, ya zama muƙaddashin gwamna. Da aka dawo da Suntai Jalingo ranar 25 ga Agusta, 2013, aka aika wa Majalisar Dokokin jihar wasiƙa da sunansa cewa ya koma bakin aiki, amma mafi yawan 'yan majalisar suka ce bai murmure ba, muƙaddashi ya ci gaba da riƙo. Tambayar da ta cika bakin jama'a da shafukan jaridu a lokacin ita ce wane ne "in charge" a Taraba. Hausa ta fi Turanci sauƙin warware ta, domin tana da kalmomi biyu a inda Turanci ke da ɗaya: akwai mai kujera, akwai mai riƙo. A Nuwamban 2014 Kotun Ƙoli ta soke tsige Sani Abubakar Danladi da majalisar ta yi daga kujerar mataimakin gwamna makonni kaɗan kafin haɗarin jirgin, ta mai da shi kan muƙaminsa. Shi ya karɓi riƙon jihar daga hannun Garba Umar, har zuwa ranar 29 ga Mayu, 2015 da aka rantsar da Darius Ishaku.